Baffa Manu, Makiyayin Kwamfuta

Magana biyu aka yi ta maimaitawa a zaman makokin Baffa Manu, kuma duka biyun ba gaskiya ba ne. Ta farko, wai duk unguwar Jekadafari babu wanda ya kai shi sanin kwamfuta. Ta biyu, wai bayiros ne ya cinye masa littafin shanu, aikin da ya shekara shida yana bugawa da yatsa biyu. Ina tsakar gida ina raba wa mata kunu ina ji, har wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe maus ba tana cewa Allah Ya isa tsakaninta da bayiros. Na yi shiru, don ba a gyara wa mutane zance a gidan rasuwa. Yanzu an yi arba'in, kowa ya koma gidansa, bari in gyara. Baffa bai san kwamfuta ba. Littafin kuwa ni na goge shi, ni Indo, 'yar ƙaninsa. Ku bari in kai ƙarshe kafin ku fara kirana a waya.

Ga wanda bai san shi sosai ba, Baffa malamin dabbobi ne da ya yi ritaya. Ya fi shekara talatin yana bin rugage a kan babur da akwatin allura a baya. Da ya ajiye aiki sai ya rasa abin yi, ya koma zuwa kasuwar shanu yana yi wa mutane faɗa a kan dabbobin da ba nasa ba. Ɗansa, Yaya Usman, ya gaji da ƙarar da ake kawo masa, ya aiko masa da kwamfuta ta tebur da firinta, ko zai zauna a gida. Ranar da aka sauke ta, Baffa ya zagaya ta sau biyu, ya dafa bayanta, ya ce, "Tana da kyan jiki. Sai dai ba mu san garken da ta fito ba." Daga ranar ta zama saniya, kuma har ya bar duniya ba ta koma kwamfuta ba.

Duk Juma'a da hantsi ranar riga-kafi ce. Zai ɗauko tsohuwar rigarsa ta kaki mai aljihu huɗu ya sa, ya wanke hannu har gwiwa, ya tura ƙofar ɗaki, sannan ya danna sikanin, wato ya sa antibayiros ya bi cikin kwamfutar yana neman cuta. Sai ya ja kujera ya zuba wa koren layin nan ido yana rarrafe daga hagu zuwa dama. Ba waya, ba gaisuwa. In matarsa Inna Adama ta leƙo ta ce ga koko yana hucewa, sai ya ɗaga mata hannu ba tare da ya waiwaya ba.

"Ana aiki."

"Wa ke aikin, kai ko ita?"

"Ni ke sa ido."

Kalma ɗaya gare shi da ke maganin komai: a killace. Jika ya yi tari, a killace. An kawo sabuwar kaza, a killace. Saurayin da ya fara zuwa zance wurin ƙanwata ma sai da Baffa ya ba da shawarar a killace shi wata uku a ga abin da zai fito masa.

Ni Dada yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ban taɓa jin Indo a bakinsa ba. Bayan na gama sakandare na yi wata shida a wani shagon buga takardu a unguwarmu, Dawaki, a nan na koyi ɗan abin da na sani. Ba wani ilimi ba ne mai zurfi: kashe ka sake kunnawa, cire abin da ba ka san wanda ya sa ba, kar ka danna duk abin da ke walƙiya. Ina zuwa gidan Baffa ranar Laraba da Asabar in taya Inna aiki. Ku riƙe waɗannan ranakun, don su ne duk sirrin iliminsa.

Kowa ya san gwangwanin madarar nan da ke kan tagarsa. Duk filashin ajiyar fayil da ya shigo gidan sai ya yi kwana uku a ciki, a rufe, kafin ya kusanci kwamfuta. Na yi masa bayani har na gaji cewa bayiros ba ya mutuwa da zaman gwangwani. Ya ce ni yarinya ce, ban ga shekarar bushiya ba, annobar da ta share garkunan shanu.

Wata Laraba da la'asar amininsa Baba Bitrus, tsohon hedimasta mutumin Kaltungo, ya shigo da filashi a hannu. 'Yarsa za ta yi aure ranar Asabar, yana so a buga masa tsarin hidimar coci, kwafi ɗari. Baffa ya karɓa da gefen rigarsa kamar wanda aka miƙa wa garwashi, ya jefa a gwangwani, ya danne murfi.

"Manu, me kake yi? Bikin ranar Asabar ne."

"Cutar ba ta san da bikin ba."

"Daga kwamfutar fasto aka ɗauko shi fa."

"Ita kwamfutar faston, da wa ta yi kiwo?"

Za ku ce me ya hana Baba Bitrus ya karɓi abinsa ya tafi shago. Shekara arba'in suna tare. Da ya kai wani wuri, Baffa ba zai ci shinkafar bikin ba, kuma sai ya shekara yana tuna masa. Haka ya tafi yana girgiza kai.

Asabar da sassafe na iso na tarar da Baba Bitrus cikin kwat da nekitayi yana safa da marwa a zaure, amarya tana can ana ɗaura mata mayafi. Baffa ya duba agogo, ya tabbatar kwana uku sun cika, ya buɗe gwangwani da bisimilla, ya soka filashin. Bayiros fal, irin wanda ke ɓoye fayil ya bar maka inuwarsa, ka danna ka ga wayam. Baba Bitrus ya zauna a kan tabarma da kwat ɗinsa. Na ce su matsa. Baffa ya yarda na zauna a kujerarsa, amma yana tsaye a kaina kamar mai gadin jarrabawa. Cikin minti goma na fito da fayil ɗin, firinta ta fara tofo takardu. Baffa ya juya ya kalli amininsa, fuskarsa cike da nasara.

"Ka gani ko, Bitrus? Da ka bari ya yi kwana bakwai, da ba mu ga wannan ba."

"Da na biye maka, Manu, da sai dai mu buga takardar suna."

A wurin cin abincin bikin, Baba Bitrus da bakinsa ya ba da labarin yadda Manu ya ceci auren. Ban ji sunana ba ko a cikin tari.

Daga nan fa aka buɗe asibiti. Malaman makaranta, ɗalibai, matar wani ɗan sanda, kowa ya kwaso laftof ɗinsa sai gidan Baffa. Zai zaunar da mutum ya ɗauki tarihi a kan kati. Yaushe ta fara? Tana cin caji sosai? Jikinta na zafi? Ta yi cuɗanya da baƙon filashi? In ya gama sai ya shafa murfinta, ya ce, "A killace. Kwana uku." Ya ɗora ta a kan kwaba. Kwana ukun nan kuwa duk yadda ka lissafa sai sun haɗa da Laraba ko Asabar. In zo, in sauke su ɗaya bayan ɗaya, in cire tarkace, in gyara, in mayar. Mai ita ya dawo ya ga tana gudu, ya riƙe baki. Baffa ya ce, "Hutu take buƙata. Kuna wahalar da su."

Wata rana aka kawo masa ƙwan zabi cikin ƙwarya, ya zaɓi biyu ya miƙo mini. Raina ya ɓaci.

"Baffa, ko sau ɗaya dai ka ce ni na gyara."

"Dada, a ofis ma ba ni nake haɗa maganin ba, amma ni ake gaisarwa. Karɓi, wannan kason mai riƙe igiya ne."

Lokacin da na yi tafiya Bauchi na mako biyu, laftof tara suka taru a kan kwaba. Masu su suka yi ta sintiri. Baffa ko a jikinsa. Ya gaya musu an samu ɓarkewar annoba a unguwa, an tsawaita killacewa har sai abin da hali ya yi. Suka yi masa godiya.

Kwamfutar kowa ina taɓawa, ban da tasa. Ita kuwa duk ta fi su ciwo. Duk tallan da ya faɗo a allo da jan rubutu yana cewa kwamfutarka na cikin haɗari, Baffa sai ya danna. Na ce masa 'yan damfara ne. Ya ce, "Likita ya zo har gida ya duba kyauta, in kore shi?" Da haka ya tara antibayiros huɗu, ya raɗa wa kowanne sunan wata cutar shanu: na huhu, na sammore, na harbin daji, na hanta. Ga wani ɗan akwati a gefen allo da ke nuna yanayin wani gari da ba mu san inda yake ba. Kullum ƙanƙara ake yi a can, mu muna narkewa a Gombe. Baffa ya kan kalle shi ya ce, "Mutanen nan suna shan wahala."

Su huɗun nan ba su da aiki sai kama juna. Na huhu ya cafke na sammore ya ce cuta ne, na hanta ya kulle su duka biyun. In Baffa ya kunna kwamfutar, sai ya je ya yi alwala, ya yi walha, ya sha koko, ya dawo ya tarar tana miƙa.

"Baffa, ɗaya ya isa. Ka bari in cire uku."

"Kin taɓa ganin allurar huhu ta warkar da sammore?"

"Ba saniya ba ce."

"Shi ya sa nake ƙara kula. Saniya ko ba komai tana nishi."

To duk wannan tsaron saboda littafin ne. Shanun gidanmu sun ƙare tun kafin a haife ni. Cuta ta ɗauki wasu, fari ya ɗauki wasu, makaranta da aure da asibiti suka cinye sauran. Amma kakarmu Dada ta san kowace da sunanta, da uwarta, da uwar uwarta. Kafin ta rasu Baffa ya zaunar da ita ya ɗauki muryarta a kaset. Daga baya aka juye masa a kwamfuta, ba a yi wata ba rediyo ta tauna kaset ɗin. Sai ya zama muryar Dada a wuri ɗaya take a duniya. Kullum zai saurari kaɗan, ya tsayar, ya fassara daga Fulatanci, ya buga da yatsa biyu. Saye 'yar Wule, wadda ta haye kogin Gongola da ambaliya ɗan maraƙinta na manne da ita. Wadda aka ba wane ranar sunansa. Wadda aka yanka ranar auren wance. In ka bi shanun sai ka tarar da dangi gaba ɗaya a bayansu.

Ni a lokacin dariya abin yake ba ni.

"Baffa, wa zai zauna ya karanta tarihin saniya?"

"Ke ma kina ciki. Da Dada ta yi ciwo, nonon jikar Saye aka ba babanki. Ba don ita ba, da ba ki samu bakin yi mini rashin kunya ba."

Abin da ban sani ba, kuma babu wanda ya sani, shi ne inda yake ajiye littafin. Tun farkon zuwan kwamfutar ya gano cewa in ka goge fayil ba mutuwa yake ba, kwandon shara yake tafiya, kuma kana iya maido shi da dannawa ɗaya. Baffa ya ga ai an ba shi shinge. A lissafinsa bayiros abu mai daraja yake nema, ba zai ɓata lokacinsa a juji ba. Saboda haka kowace yamma in ya gama bugu sai ya goge littafin da muryar Dada, su kwana a kwando. Da safe ya maido su, kamar mai sakin garke. Shekara shida yana haka, ko sau ɗaya ba a samu matsala ba, saboda shekara shida bai bar ni na zauna ni kaɗai a kujerar ba.

Sai aka yi rasuwa a Dukku, ya tafi gaisuwa ta kwana biyu. Inna Adama ta zaro makullin ɗakin daga ƙarƙashin tabarmar salla ta miƙo mini.

"Ki yi mata abin da za ki yi. Na gaji da ɗumama koko."

Na shiga kamar wadda aka ba sarauta. Na soka filashina kai tsaye, ko kallon gwangwanin ban yi ba. Na cire na huhu, na cire na hanta, na cire na harbin daji. Na kori garin ƙanƙara. Sannan na sa wata manhajar share-share da nake amfani da ita a shago. Ta jero mini akwatuna fiye da ashirin, in zaɓi abin da za ta share. Ban karanta ba, na cike su duka. Ɗaya a ciki na kwashe kwandon shara ne. Wani kuma na bin wurin da aka goge abu ne a murje shi yadda ba zai sake dawowa ba. Ta tambaye ni ko na tabbata. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa rashin tabbata ba. Na danna.

Tana cikin aiki, ta kai wajen rabi, aka ɗauke wuta. Na yi tsaki, na zagi masu wutar. Don kar zaman ya tafi a banza, na goge teburin, na share ɗakin, na kulle.

Ranar Laraba ya dawo, ina nan. Ya sa rigar kaki, ya kunna, ya juya zai tafi alwala, sai ya ji ƙarar buɗewarta a bayansa. Ya tsaya.

"Wa ya ba ta abu?"

Inna daga bakin ƙofa ta ce, "Hutu ta samu. Ba kai ka ce kuna wahalar da su ba?"

Ya yi murmushi, ya zauna. Ni ina jingine da bango ina jiran yabo. Na ga ya kai maus kan kwandon shara ya buɗe. Fari fat. Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya cire tabarau ya goge da hular kansa, ya mayar, ya sake buɗewa.

"Dada, zo ki duba mini. Garken ba ya nan."

"Wane garke?"

"Littafin. Da muryar Dada. A nan nake kwantar da su."

"A kwandon shara?"

"To ina kike so in sa su? A fili inda kowa ke gani?"

Ni da ake cewa bakina ba shi da birki, na buɗe shi, abin da ya fito shi ne, "Ƙila bayiros ne."

Baffa bai kalle ni ba. Ya kalli ƙasan allo, inda alamomi huɗu suka saba zama, saura ɗaya. Ya kalli teburin da ke sheƙi. Ya kai hannu kusa da madannai ya ɗauki wani ɗan abu ruwan hoda, murfin filashina ne da na manta. Ya juya shi a tafin hannu, ya ajiye a gefen da nake.

"Bayiros ne," in ji shi. "Mai ƙarfi kuwa. Ya haɗiye allura uku, ya kuma share ɗaki kafin ya fita."

Inna ta sulale ta koma madafa.

"Dada, ke kika fi kusa da ita lokacin da cutar ta shiga. Kwana uku kar ki shigo ɗakin nan."

Iyakar hukuncin ke nan. Na koma Dawaki na yi kwana uku ina jiran babanmu ya kira ni ya yi mini wankin babban bargo, shiru. Asabar na zo ina raɓe-raɓe a tsakar gida, sai ga muryarsa daga ɗaki. Na shiga na tarar ya dama fura a ƙwarya biyu. Ya kalle ni sama da ƙasa, kamar yadda yake duba dabba, ya ce, "Kin warke. Zauna."

Na roƙe shi ya bari mu kai akwatin wurin wani mai gyara a kasuwa, wanda ke da manhajar tono abin da aka goge. Ya yarda, amma da sharaɗin zai bi. Muka hau keke, akwatin na kan cinyarsa, ya rungume shi kamar maraƙin da ya karye. Mai gyaran ya ce ɗauke wutar nan ce kaɗai ta bar mana fata, da murjewar ta kai ƙarshe ko ƙura ba za a samu ba. Masu wutar da na zaga, Allah Ya ba su haƙuri.

Muka wuni a shagon. Abubuwa suka yi ta fitowa. Tsarin auren 'yar Baba Bitrus ya dawo lafiya lau, har kwafi huɗu. Hotunan garin ƙanƙara suka dawo. Littafin ma sunansa ya dawo, amma da aka buɗe sai 'yan akwatuna da alamar tambaya shafi bayan shafi, ko saniya ɗaya ba a gane ba. Can wajen la'asar mai gyaran ya ce ga wani guntun sauti, ya danna. Ga janareta na ruri, ga masu sayar da caja na ciniki, sai muryar tsohuwa ta fito da Fulatanci, siririya: "Manu, abin nan yana ji na kuwa?" Zakara ya yi cara a bayanta. Daga nan sai shuuu.

Baffa ya ce a sake. Aka sake. Sau biyar. A na biyar ɗin ya matsa kusa da sifika ya ce a hankali, "Yana ji, Dada." Ban san ko da wace Dadar yake ba, ban kuma tambaya ba. Na fita waje na tsaya ina kallon masu gyaran waya kamar ina da abin saya.

Washegari a masallaci ya ba da sanarwar cewa wani mugun bayiros ya shigo gari, ya ratsa allura huɗu da gwangwani. Kafin mako ya zagayo, rabin gidajen layinsu sun tanadi gwangwanin madara. Baba Bitrus ma ya samo nasa, ya ƙara wa'adi zuwa kwana bakwai. In kun ga ana killace filashi a Jekadafari har yau, ni na jawo.

Sau ɗaya na yi yunƙurin faɗa masa. Na ce, "Baffa, maganar littafin nan..." Ya ɗaga mini hannu irin yadda yake yi wa Inna.

"An riga an rubuta rahoto, Dada. An rufe fayil."

Bai sake tayar da maganar ba. Ya ci gaba da riga-kafin Juma'a da allura ɗaya tilo, yana gunaguni cewa garke na yawo tsirara. Ina jin ƙarar madannai daga ɗakinsa, ɗaya-ɗaya, na ɗauka wasiƙun fansho yake bugawa. Bayan 'yan watanni ciwon ƙoda ya kwantar da shi. A asibiti ma bai bar hali ba. Wata nas ta zo yi masa allura, ya bi hannunta da kallo har ta gama, ya ce, "'Yata, da saniya ce da ta harbe ki." Wata ranar Talata bayan azahar ya cika.

Bayan arba'in Yaya Usman ya ce in yi wa kwamfutar fomat, a wanke ta tas, zai kai wa yaransa. Na ce to. Na zauna a kujerar, na kunna. Kafin in taɓa komai na buɗe kwandon shara. Ga shi kwance: Littafin Shanu na Biyu. Duk abin da ya faru bai sa mutumin nan ya canja wurin ajiya ba. Na yi dariya ni kaɗai har hawaye suka zo, daga nan kuma dariyar ta tsaya hawayen suka ci gaba.

Daga ka ya sake farawa. Shanu ashirin da uku ya samu ya rubuta, cikin fiye da ɗari biyu. Layin ƙarshe ya ce, "Nore ta haifi," sai fili.

Na nuna wa Inna. Ta daɗe tana kallon allon duk da ba ta karatun boko, sannan ta ce saura mutum ɗaya a duniya da zai iya ƙarasa layin nan: Goggo Dudu, yayar su Baffa, wadda ta yi tatsa tare da Dada. Tana wata ruga gaba da Dukku. Idonta ya tafi amma kanta garau. Sai dai Inna ta gargaɗe ni cewa Goggo ba a katse ta, kowace saniya daga kakar kakarta take farawa, ɗaya tak tana iya cin wuni. Ga shi Fulatancina na gaisuwa ne da cinikin nono. Inna ta kalle ni ta ce, "Ke da ba kya iya jiran ruwa ya tafasa."

Allah Ka jiƙan Baffa Manu. Ya rufa mini asiri a ranar da ya fi kowa ikon tona shi, Ka rufa masa nasa. Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka sada shi da Dadarsa ya ji muryarta cikakkiya. Amin.

Na gaya wa Yaya Usman ya nema wa yaransa wata kwamfutar, wannan ba za a yi mata fomat ba. Na kwafe littafin da guntun muryar a wuri uku, na tura wa ƙanwata ta ajiye na huɗu. Ranar Asabar zan hau motar Dukku da waya cike da caji da littafin rubutu, ko wata guda ne zan zauna, ba zan katse ta ba. Zan gaishe ta, in faɗa mata abin da na yi, sannan in tambaye ta abin da Nore ta haifa.